Baba Yana Neman Aiki

Watan da banki ya sallami Baba, babu abin da ya tsira daga hannunsa a gidanmu na Akoka. Ya kwance fankar falo ya wanke ya mayar. Ya canza kan famfon da bai taɓa yoyo ba, sai ga shi ya fara yoyo. Da abin gyara ya ƙare a wajenmu, sai ya riƙa sauka ƙasa yana tambayar maƙwabta ko talabijin ɗinsu lafiya. Shekara ashirin da biyu yana fita da sassafe don ya riga cunkoson gada, yanzu kuma ga shi a baranda, ya yi wanka ya shafa mai, ba wurin zuwa.

Mama tana da shagon leshi a kasuwar Tejuosho. Wata safiya tana ɗaura ɗankwali ta ja ni gefe ta ce, "Moradeke, ki samo wa mahaifinki aiki kafin ya kwance mana rufin gida. Jiya a shago ya wuni, ya sake mini jerin kaya, har yau ban san inda farin leshi yake ba."

Ni a lokacin ina aiki da wani kamfanin manhaja, ina gwada abin da suka rubuta kafin ya isa hannun jama'a, kuma daga ɗakina nake yi. Baba ne ya fara ɗora yatsuna a kan kwamfuta tun ina firamare. A banki shi ne shugaban sashen da ke kula da manyan na'urorin da ke riƙe da bayanan mutane. Amma rabonsa da neman aiki tun kafin a haife ni, lokacin da ake kai takarda da ƙafa a miƙa wa sakatare.

Ran Asabar ya kawo mini sibinsa, takardar tarihin karatu da aikinsa, a cikin jakar roba, shafi bakwai. Na durƙusa na karɓa, na koma kujera na fara karantawa yana tsaye a kaina. Hotonsa ne a sama, sannan ranar haihuwa, da jiharsu, da ƙaramar hukuma, da addini, da yawan 'ya'ya. Ga makarantar firamare da ya yi a Ilesa. Ga shaidar cewa shi ne ma'ajin mawaƙan coci. Ga kowane taron ƙara wa juna sani da ya taɓa halarta, har da wanda aka koya musu kashe gobara.

"Baba, shafi ɗaya suke so."

"Su wa?"

"Masu ɗaukar aikin. Kafin ma mutum ya gani, na'ura ce take fara tacewa. Wanda ya kai ga idon mutum kuwa, kallo ɗaya ake yi masa."

"Shekara ashirin da biyu a shafi ɗaya? Takardar jana'iza ma ta fi haka tsawo."

Na buɗe kwamfuta na fara yanka. Duk layin da na goge sai ya yi tsaki ya tafi baranda, ya dawo ya leƙa. Ya haƙura da hoto, ya haƙura da mawaƙan coci bayan doguwar gardama. Da na zo kan shekarar da ya gama jami'a sai ya dafa teburin.

"Wannan kuma me ya yi miki?"

"In suka gan ta, za su ƙirga shekarunku kafin su karanta aikinku."

"To, ɓarawo ne ni da zan ɓoye shekaruna? Randa suka gan ni fa? Ko fuskar ma gogewa za ki yi?"

Na goge. Abin da ya fi ba mu wahala shi ne bayanin aikin. Shi ya rubuta cewa shi ke da alhakin kaza, shi ke da alhakin kaza. Na ce ba alhaki suke nema ba, abin da ya faru a hannunsa suke so su ji: me ya tarar, me ya yi, me ya canza. Ya ce wannan ai yabon kai ne, kuma ba haka aka rene shi ba. Na ce to yabon kan shi ne cinikin yanzu. Muka wuni a kai, abinci ya huce a tebur.

Muka aika wa kamfanoni da yawa. Wasu suka yi shiru, wasu suka turo amsa iri ɗaya kamar sun haɗa baki: sun gode, sun ci gaba da wasu. Baba ya koma duba waya ko yana cin abinci, ko yana goge haƙora. In ta yi ƙara a aljihunsa sai ka ga ya zabura, alhali kamfanin layi ne ke tallar waƙa.

Can wani ƙaramin kamfani a Yaba, masu manhajar biyan kuɗi ta waya, suka kira shi intabiyu. A ranar da suka kira ya fita bai ce wa kowa komai ba, ya dawo da yamma kansa baƙi wuluk. Wanzami ya rina masa furfura, rinin har ya taɓa saman kunne. Mama ta dube shi, ta yi ƙoƙarin riƙe bakinta, ta kasa. Ta yi dariya har ta zauna a kan buhun shinkafa.

"Baban Moradeke, wa ya yi maka wannan aikin? Ka faɗa mini sunansa in je in karɓo mijina!"

Ya juya ya sauka, ya koma wajen wanzamin aka yi masa ƙwal-kwabo.

Muka fara gwaji a falo. Na jawo tebur tsakaninmu, na ce masa daga yanzu ni ba 'yarsa ba ce, kuma a irin waɗannan kamfanonin ba Oga ba Mista, kowa da sunansa ake kiransa, gara kunnensa ya saba tun a gida. Ya ce to. Na buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Tunda nake ban taɓa furta shi a gabansa ba. Na sha ruwa, na kalli bango na ce, "Gbolahan, faɗa mana wane ne kai."

Daga kicin muka ji an ajiye ludayi da ƙarfi. "Wace marar kunyar ce take kiran mijina gatsal a gidan nan?"

"Aiki muke yi, Maman Moradeke," in ji Baba. Amma shi ma kunnuwansa sun yi zafi, na gani.

Ya fara ba da amsa daga Ilesa. Ya bi ta kan kakansa, ya shiga sakandare, yana shirin shiga jami'a na ɗaga hannu.

"Minti biyu suke ba mutum, Baba. Ku fara daga abin da kuka iya."

"Kin ce ba ni ne babanki ba."

"Gbolahan, fara daga abin da ka iya."

Haka muka yi ta yi kowace yamma in na tashi daga aiki. Ba ya iya zama ya gama amsa. Sai ya miƙe ya zagaya tebur, ya gyara labule, ya dawo. Tambayoyin aiki ba sa ba shi wahala, har yakan gyara mini tambayar. Inda muke cijewa shi ne tambayoyin halin mutum. Na ce ya ba ni labarin lokacin da ya yi kuskure, ya ce wane mahaukaci ne zai je neman aiki ya tona wa kansa asiri. Na ce ya faɗi rauninsa, ya ce gishiri, likita ya hana shi.

Saura kwana kaɗan a yi intabiyun na yi masa tambayar da nake ta kewaye wa. "Me ya raba ka da bankin?"

"An yi garambawul."

"Me ya sa garambawul ɗin ya faɗa kanka?"

"Ki je ki tambaye su."

"Za su tambaya fa, Baba, kuma za su ga yadda fuskarku ta canza yanzun nan."

Ya miƙe, ya zura takalmi, ya fita. Na ɗan jira ko zai tsaya a baranda, sai na ji ƙarar ƙofar ƙasa. Na bi shi da silifas. Baba in ransa ya ɓaci sauri yake yi, sai da na haɗa da gudu kafin na cim masa wajen masu gasa masara. Bai waiwayo ba, amma ya san ina nan. Muka wuce masu gyaran waya, muka wuce tashar keke mai ƙafa uku, muka nufi Bariga. Can ya fara magana, idonsa a kan hanya.

"Ni na rubuta musu tsarin. Shekaru uku ina bin manyan nan ofis-ofis ina cewa na'urorinmu sun tsufa, mu kwashe komai mu mayar kan na haya, na kamfanonin da wannan ne sana'arsu. Suka ce ba zai yiwu ba, kuɗin mutane ne. Na ce zai yiwu. Muka kwashe bayanan banki kaf, reshe bayan reshe, ba wanda ya je cire kuɗi aka ce masa ya dawo gobe. Ko mutum ɗaya. Aka yi mana liyafa, aka ba ni agogo."

Wata motar haya, danfo, ta kusa taka mu, kwandasta ya zage mu, Baba bai ko ji ba.

"Da aka gama, sai suka duba suka ga ɗakin na'urorin ya zama fanko. To mai gadin fanko fa, me za a yi da shi? Ni da yarana goma sha ɗaya. Su suka fi damuna. Akwai wanda matarsa ke da tsohon ciki."

Na tsaya cak a tsakiyar hanya. "Baba, wannan ba ya cikin shafi bakwai ɗin nan."

"Me zan sa? In rubuta cewa ni na haƙa ramin da na faɗa?"

"Abin da kamfanonin nan suke nema ke nan ido rufe! Kun sa kashe gobara kun bar wannan?"

Ya dube ni kamar zai yi faɗa, sai kuma ya juya ya sayi masara biyu wajen wata mai gasawa a gefe, ya miƙo mini ɗaya. Muka koma gida a ƙafa. Da muka isa na sa aikin a layin farko na sibin, na sake aika wa kamfanin na ce ga sabo. Shi kuma muka yi ta maimaita labarin har ya iya faɗinsa ba tare da muryarsa ta hau ba. Batun yaransa goma sha ɗaya na ce ya cire. Ya ce wannan kam ba zai cire ba.

Ranar intabiyun aka tashi da ruwa. Na ce ya sa riga mai sauƙi, shi kuwa sai ya sa kwat. Mama ta ƙi zuwa kasuwa, wai ruwa, alhali ruwan da ya fi wannan bai taɓa hana ta fita ba. Ni kuma na zauna gaban kwamfuta ina gwada shafi ɗaya sau ba adadi, ban san me nake dubawa ba. Mama ta share falo, ta sake sharewa. Ta leƙo ɗakina ta ce in kira shi, na ce a'a, ta ce to ita za ta kira, na ɓoye wayarta a ƙarƙashin filo.

Sai bayan la'asar ya shigo, ƙafar wandonsa jiƙe, kwat ɗin a hannu. Ya ce a ba shi abinci. Mama ta kawo amala da ewedu, muka zauna muna kallon yadda yake kai loma. Sai da ya cinye, ya wanke hannu, sannan ya ce, "Yara uku ne. In ka haɗa shekarun biyu daga cikinsu ba su kai nawa ba."

Shugabarsu wata yarinya ce mai suna Ediomo, da ɗan ƙarfe a hanci. Da ta leƙo ta ce Gbolahan, wai duk da gwajin da muka yi sai da ya waiwaya bayansa. Sun ba shi alƙalami suka nuna masa farin allo, suka ce ya zana yadda zai yi kuɗi su ci gaba da tafiya in na'ura ɗaya ta mutu ranar biyan albashi. Ya zana har allon ya ƙare, ya nemi takarda. Da ya ba su labarin kwashe bayanan banki, Ediomo ta rufe kwamfutarta ta tattara hankali a kansa, ta yi ta tambaya har lokacin ya wuce.

"To ai shi ke nan!" in ji Mama.

"Da saura. Akwai wani siriri mai gilashi. Ya juyo mini da kwamfuta ya ce in rubuta 'yar manhaja a gabansu, da wani yaren kwamfuta da suke amfani da shi. Na ce masa rabona da rubutu da hannuna an daɗe, ni nake duba na masu rubutawa. Ya ce in gwada. Na gwada." Ya murza yatsunsa. "Na kasa, Moradeke. Yaron bai yi dariya ba. Da ma ya yi, da na sami abin jin haushi."

Daga nan sai jira. Sun ce za su neme shi a mako mai zuwa, makon ya zo ya wuce, wani ya bi bayansa. Baba ya daina gyare-gyare, ya koma yawo. Yakan fita bayan karin kumallo ya taka har bakin ruwa ta wajen jami'a, ya dawo, ya sake fita. Ya tambaye ni ko ya dace ya je ofishin da kansa ya gaishe su, na ce kada ya kuskura. Ya rubuta musu saƙon tuni, na rage shi daga sakin layi huɗu zuwa jimla biyu. Kullum sai ya sake ba ni labarin intabiyun, yana canza amsoshin da ya bayar, kamar in ya gyara su a falonmu za su gyaru a can.

Ediomo da kanta ta kira, muna tare a baranda. Ya miƙe tsaye ya amsa. Na ji yana cewa, "Na gane. Na gane. Ba komai. Na gode." Ta ce masa su kamfani ne ƙarami, wanda za su ɗauka dole ya zana tsari da safe ya rubuta manhaja da rana, kuma sun sami mai yin duka biyun. Ta ce ta so a ce suna da gurbi biyu.

Ya ajiye wayar a kan dakali ya shiga ɗaki. Ranar bai ci abincin dare ba, Mama ma ba ta matsa masa ba. Ni kuwa haushin kaina nake ji da na kamfanin da na yaron mai gilashi da ban taɓa gani ba.

Washegari ina tsakiyar taron aiki ta waya ya turo ƙofata ba sallama. Na yi masa alama da hannu cewa ana jina. Ya tsaya yana jira, yana karkaɗa ƙafa, har na gama.

"Yaren nan da yaron ya ce in rubuta. A ina ake koyonsa?"

Na nuna masa darussan. Ya kwashe tsohuwar kwamfutata ya kafa a teburin cin abinci. Ɗalibi ne mai wahalar sha'ani. Yana gardama da malamin da ke cikin bidiyo, yana tsallake darasi wai ya san wannan tun kafin a haifi mai koyarwar, sannan ya maƙale a gaba ya ƙwala mini kira. In an ɗauke wuta sai ya ci gaba da rubutu a takarda. Muka ci gaba da aika sibin. Ya sake zuwa intabiyu biyu, ɗaya ta bidiyo inda layi ya yi ta yankewa har suka gaji, ɗaya a Ikeja inda suka ce ya fi ƙarfin gurbin. Wannan maganar ta fi ƙona masa rai fiye da a ce bai iya ba.

Damina ta kusa ƙarewa wani kamfani a Ibadan ya kira. Suna haɗa wa ƙananan asibitoci manhajar ajiye bayanan marasa lafiya, kuma suna so su kwashe komai daga tsofaffin na'urorinsu ba tare da aikin asibitocin ya tsaya ba. Ba mu aika musu komai ba. Da Baba ya tambayi inda suka samo shi, suka ce wata Ediomo ce ta ba da sunansa a wani taro. Sun yi magana da shi sau biyu ta bidiyo, suka ba shi kwantiragin wata shida. Ba su yi alƙawarin abin da zai biyo baya ba.

Mama ba ta so ba. Ta ce mutum da shekarunsa ya koma zaman ɗaki ɗaya a gidan ɗan ƙanwarsa a Ibadan, wa zai riƙa duba masa gishiri a miya? Baba ya ce wata shida ne. Ta ce haka ake cewa. Sun yi kwana biyu ba sa doguwar magana, sannan na gan ta tana soya masa nama tana zubawa a roba.

Ran Lahadi bayan coci muka raka shi tashar Ojota. Motar Ibadan saura mutum uku ta cika. Ya shiga ya zauna a gaba, ya sauko ya duba ko an ɗaure jakarsa da kyau, ya koma. Ya sake saukowa ya ce mini in tuna in biya kuɗin shara. Rana ta yi zafi, fasinjoji suka fara mita, yaron mota kuwa ya jingina da taya yana cin gyaɗa, yana kiran Ibadan kamar wanda aka tayar daga barci. Baba ya dube shi, ya dubi agogo, ya sake dubansa. Sai kawai muka ga ya taka bakin titi da kayan cocinsa, ya ɗaga hannu.

"Ibadan! Ibadan! Mutum uku! Hajiya, Ibadan ne? Kawo jakar, ga wuri a tsakiya!"

Mama ta rufe fuska da gefen mayafinta. "Moradeke, je ki kamo shi, kada wani ɗan cocinmu ya gan shi."

Ban je ba. Kafin a jima ya samo biyu, na ukun ya zo da kansa. Direba ya tashi mota, Baba ya shiga da gudu ya ja ƙofa, yana faɗa mana wani abu ta taga da ƙarar tasha ta hana mu ji. Muka tsaya har motar ta hau babban titi.

Mama ta gyara ɗankwalinta ta ce, "Mu bi ta kasuwar Mile 12, an ce tumatir ya sauko."